Kwamin da Baba Maikano Ya Gyara

Ranar wata Talata, cikin sanyin Janairun 1995, aka aike ni in kai ruwa ganga shida bayan gari, in kuma ɗauko Baba Maikano in dawo da shi gida. Ganga uku na kai. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake wurin.

Sunana Ghazali. A lokacin direba ne ni a wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Ulaya a birnin Riyad, ina jan akori-kura, wadda a can ake kira wanet. Baba Maikano kuwa maƙwabcina ne a unguwar Jaradiya, ƙofarmu na kallon juna. Magini ne, mutumin Kura ta ƙasar Kano, ya shekara talatin da ɗaya a Riyad yana kwaɓa siminti yana zagin siminti. A wurinsa duk ginin da ba na ƙasa ba tanda ce aka yi wa taga. Mukan zolaye shi mu ce to ya kashe na'urar sanyaya ɗakinsa mana, sai ya yi kamar ba da shi ake ba.

Ranar Asabar mai zuwa zai koma gida gaba ɗaya. An buga masa bizar fita, matarsa Inna Mariamou ta gama ɗaure kaya har da tukwanen da babu mai buƙatarsu a Kano. Ya gina ɗaki biyu da rumfa a Kura, bai taɓa ganinsu ba sai a hoto, yana da jikoki biyar da bai taɓa ɗora ko ɗaya a cinyarsa ba. Duk unguwa an san lissafin kwanakin, domin shi da kansa yake sanar da mu kowace safiya a ƙofar masallaci. Saura kwana huɗu ranar.

Aikinsa na ƙarshe shi ne ya riƙe shi bayan gari. Wani injiniya Balarabe a kamfaninmu, Muhandis Khalil, yana da gidan gado can gabas, bayan gidajen ƙarshe na unguwar Nasim. Tsohon gidan shanu ne na kakansa, ginin ƙasa mai kaurin bango, da soro ɗaya dogo na hangen nesa, da babban fili inda garke ke kwana, da rijiya mai gangare wadda a da shanu ke jan wasakinta. Shekara fiye da hamsin babu kowa ciki. 'Yan'uwan Khalil suna so a kawo katafila a baje shi tunda gari na tahowa. Shi kuma ya kafe cewa a duk wannan yankin babu sauran gida irinsa, in aka rushe shi yaran gobe za su ɗauka madara daga kwali take fitowa. Aka yi ta kai ruwa rana, har aka tsaya a kan cewa wani kwamitin kayan tarihi zai zo ranar Laraba ya duba. In sun ce gidan ya cancanta, ya tsira.

To wa zai gyara ginin ƙasa a garin siminti? Sai aka tuna da tsohon nan mai surutu. Wata huɗu Baba Maikano ya yi yana buga tubali, yana yaɓe, yana sauya itacen rufi, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Har ƙiba ya yi.

Kwamin shayar da shanu ne ya rage masa. Dogo ne, an gina shi da dutse a jikin bangon ƙurya kusa da rijiya, kuma ya same shi cike da yashi har baki, an jera duwatsu a kai. Ya kwashe yashin tas, ya shafe cikin da farar ƙasa da toka da gashin akuya, yana ƙorafin cewa da a gida ne da laso zai yi. Muhandis ya ce masa ya bar shi haka, ai kallo kawai za a zo yi, babu dabbar da za ta sha a ciki. Baba ya ce ubansa rijiyoyin marina yake yi wa shafe a Kura, kuma a gidansu ba a miƙa wa wanda ya ba da aiki mazubi sai ruwa ya kwana a ciki an ga bai tsiyaye ba. Rijiyar gidan ta ƙafe tun kafin a haife ni. Shi ya sa aka aike ni da ganguna.

Ni kuma a ranar hankalina na wani wuri. 'Yan ƙwallon Najeriya sun zo Riyad, suna da wasa, abokina Idrisu ya samo mana shiga. Na je wurin ɗibar ruwa na tarar da layin tankoki kamar ana rabon kyauta. Da ƙyar aka cika mini uku. Na dubi agogo, na dubi sauran ukun, na ce a raina ai gwaji ne, rabi ma ya isa a ga yoyo. Na ja mota.

Bayan Nasim kwalta ta ƙare. Sai burji, sai yashi, sai kututturan dabino da suka bushe a tsaye. Rana ta yi ja ta sauko. Na rufe gilasai saboda sanyi, ruwa yana ta ƙugi a bayana duk ramin da na faɗa. Babu mota gaba, babu baya.

Da na hango soron gidan, sai na ji wari. Warin garke ne, na fitsarin shanu da ɗanyen kashi, irin wanda ke tarar mutum in ya doshi ruga da safe. Na san shi, a ƙauye na girma. Na ce wataƙila taki Baba ya sa a cikin yaɓe, ban ƙara tunani a kai ba.

Leburori 'yan Pakistan sun tashi tun la'asar. Baba kaɗai na samu, zaune a bakin kwami da rawani a wuya, yana shafa gefen da tafin hannu. Ƙofar filin ba ta cin mota, don haka na tsaya a waje na ja dogon tiyo na bi da shi ta gefen bango, saboda ya hana a taka sabon daɓen da ya yi wa tsakar filin, wai bai gama shan iska ba. Ya fito ya ƙwanƙwasa gangunan ɗaya bayan ɗaya. Uku suka amsa da nauyi, uku suka yi ƙarar wofi.

"Shida na ce, Ghazali."

Na ce masa injin wurin ne ya lalace. Ya dube ni ɗan lokaci, irin kallon da ke sa mutum ya fara gyara hula. Bai musa ba. Ya ce ya auna kwamin, ganga shida ne ke kai shi baki, amma in zuba abin da na kawo.

Na kama bakin tiyo na zuƙa don ruwa ya taso. Ya taso da ƙarfin da ban zata ba, ya sheƙo mini a fuska, ya jiƙa riga da wando sharkaf. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce alhaki ne. Na saki tiyon cikin kwami ina karkarwar sanyi, na jingina da bangon ƙurya. Ruwa ya fara gudu a kan sabon shafe, yana wata 'yar ƙara mai daɗi. Muka ce ganga ta uku na ƙarewa mu yi magariba mu kama hanya.

Rana ta faɗi ana cikin ta uku.

A saman rijiyar akwai wasu faya-fayen katako da igiyar wasaki ke bi ta kansu a zamanin da. Baba ya gyara su ya mayar, amma bai sa musu igiya ba. Ɗaya daga ciki ya motsa. Ƙiii. Ya tsaya. Ya sake.

Babu iska. Ko gefen rawanin Baba bai kaɗa ba.

Na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce katako ne ke sakin jiki in sanyi ya sauka. Amma ya daina shafa kwamin.

Warin ya ƙaru har ina jinsa a maƙogwaro. Sai wani sauti daga wajen ƙofa, can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan buhuna da yawa a kan yashi. A ciki akwai wani ƙwas, ƙwas, na ƙaho yana gogar ƙaho.

Sannan aka yi sallama.

Tun ina yaro aka gaya mini ba a amsa muryar da ba a ga mai ita ba a kango da magariba. Na sani, Baba ya fi ni sani. Amma bayan sallamar sai aka ce, "Sannunku da aiki, bayin Allah," da Hausa tsantsa, a tsakiyar hamadar Larabawa. Wanda bai yi zaman ƙasar wani ba ba zai gane ba. Bakinmu ya riga hankalinmu, mu biyun muka amsa a tare.

Ya shigo ta ƙofar filin. Dogo ne, siriri ƙwarai, da sanda a gicciye bisa kafaɗu ya rataya hannuwa a kanta, tsayuwar makiyayan gida sak. Rigarsa ta saƙi ce, ta zama launin ƙasa. Duhu bai gama rufewa ba, don haka na ga fuskar. Akwai tsaga a kumatunsa. Leɓɓansa sun dare sun yi fari, kuma idan ya yi magana ba sa haɗuwa.

"Maigida ne ya aiko ku?"

Muryar ba ta da ƙarfi. Kamar ana murza busasshen ganye.

Baba ya miƙe a hankali. Ya ce, "Jikansa ne."

Mutumin ya ce, "Kwana biyu ya ce mini."

Baba ya tambaye shi daga ina. Ya ce ƙasar Katsina. Ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya tsaya kiwo ya samu na komawa. Da ya faɗi haka sai ya dubi kwamin, ya juya ya yi wani kira da harshe, ya fara ambaton sunaye a hankali. Gudale. Kyauta. Delou.

Suka fara shigowa.

Ƙananan shanu ne, ba irin namu ba. Fata ta manne wa ƙashi, ana iya ƙirga haƙarƙari daga inda nake. Idanunsu sun faɗa ciki. Ba sa kuka. Ba wanda ya yi kuka ko sau ɗaya, sai huci, sai jan kofato a kan daɓen Baba.

Goma. Talatin. Na daina ƙirgawa.

Ƙofa ɗaya ce filin ke da ita, kuma ta cikinta suke shigowa. Motata na bayansu.

Na farko suka sa baki a ruwa. Na ji ƙarar zuƙa, doguwa, ba numfashi a tsakani. Ruwan da ya kai rabin kwami ya fara sauka ina kallo. Tiyo yana zubowa, amma kamar ana zuba shi a rairayi.

Baba yana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Ni na fara na kasa. Da ya kai ƙarshe sai na ga ya sunkuya ya ɗauki kwanon shansa na silba, ya tara a bakin tiyo, ya miƙa wa mutumin da hannu biyu.

"Sha, ɗan'uwa."

Mutumin ya dubi kwanon. Na ga maƙoshinsa ya motsa. Ya kau da kai.

"Sai sun sha."

Tiyo ya yi tari sau biyu, ya tsaya. Ganga ta uku ta ƙare.

Na gaba suka lashe gindin kwamin, ina jin harsunansu na kartar shafe. Na baya, waɗanda ko ɗigo ba su samu ba, suka tsaya cik. Sun fi rabi. Suka ɗaga kai suna shaƙar iska.

Suka juyo gare ni.

Sai a lokacin na tuna rigata.

Na farkon ya sa hanci a cikina. Hancin saniya sanyi gare shi da laima, wannan kuwa busasshe ne, da zafi. Harshe ya fito ya ja rigar tun daga cibiya har wuya. Wani ya kama hannun riga. Wani wando.

Na matsa baya. Bango.

Suka matso. Ƙashi ta ko'ina, ƙaho a haƙarƙarina. Da rigar ta bushe suka koma fata. Dantse, wuya, bayan kunne inda gumi ya tsatso. Kamar ana goga mini dutsen kaushi da ƙarfi.

Na buɗe baki in yi ihu. Babu yawu. Babu murya.

Wani harshe ya bi ta kan idona.

Ban faɗi ba, don babu wurin faɗuwa. Ta tsakanin ƙahoni na hango mutumin yana tsaye, bai ce su bari ba, bai ce su ci gaba ba. Babu mugunta a fuskarsa. Jira kawai yake.

Na ji muryar Baba daga nesa.

"Janye su. Wannan ɗana ne, ba ruwa ba ne."

"Bai isa ba," in ji mutumin. "Saura da yawa."

"Na sani. Zan kawo."

"Haka shi ma ya ce."

Ƙaho yana ƙara shiga haƙarƙarina.

"Ni Maikano ɗan Mahamadu magini," in ji Baba, "ban taɓa barin aiki rabi ba. Zan kawo har su ƙoshi, har kai ma ka sha. Allah ne shaida."

Mutumin ya sauke sandar daga kafaɗa. Ya buga ta a ƙasa sau ɗaya.

Suka dare gida biyu.

Ban san yadda na kai mota ba. Na dai san Baba ne ya ja ni ta tsakiyarsu, tsoho mai shekara sittin da bakwai, yana riƙe da wuyan rigata, gefen jikinsu yana gogar mu hagu da dama. Na san makulli ya faɗi sau biyu. Na san mun bar tiyon yana jan ƙasa a bayanmu har ya tsinke. Ban dubi madubi ba sai da na ga fitilun Nasim.

A masallacin wani gidan mai muka tsaya. A ƙarƙashin fitila na ga hannuwana sun saluɓe tun daga kafaɗa, ja wur, babu jini ko ɗigo. Rigar ta bushe ƙamas har tana tsayawa da kanta. Na kafa kai a famfon alwala na yi ta sha har wani Balarabe ya dafa ni ya tambaya ko lafiya. Baba ya yi sallarsa a natse, ya daɗe a sujada. A mota abu ɗaya ya ce, kada in gaya wa Inna. Wasan kuwa an ce an tashi babu ci, Idrisu ya yi kwana biyu yana fushi da ni.

Washegari kwamiti ya zo, mutum huɗu da mai ɗaukar hoto. Ni na kai Muhandis da Baba, da rana tsaka, na tsaya a bakin ƙofa na ƙi shiga. Daga nan ma ana gani. Daɓen filin gaba ɗaya sawun kofato ne, ɗaruruwa, sun nutse sun bushe, duk sun nufi kwami. Kwamin kuwa fes, ko laima babu. 'Yan kwamiti suka yi ta murna, wai dabarar maginin ce ya buga sawun don mai kallo ya ji kamar yanzu garke ya fita. Babbansu ya riƙe hannun Baba ya daɗe yana girgizawa. A ranar suka ce gidan ba zai taɓu ba.

Muhandis kaɗai bai yi dariya ba. Da suka tafi ya zauna a kan dutse ya tambayi Baba ko ruwa ya zuba. Sannan ya ba mu labarin da kakarsa ta ba shi yana ƙarami, wanda ya ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce. Wata shekarar fari rijiyar ta ƙafe cikin kwana ɗaya. Kakansa ya rufe garken a fili don kada su bazu, ya bar makiyayinsa, wani baƙo daga ƙasashenmu, ya tafi gari neman raƙuman ɗaukar ruwa. Zazzaɓi ya kwantar da shi a can kwana goma sha ɗaya. Ƙofar ba a kulle take ba, makiyayin yana iya tafiya, bai tafi ba. Bayan an binne gawarsa da mushen shanun da aka tarar, kakan da kansa ya cika kwamin da yashi ya jera duwatsu, ya kwashe iyalinsa. Ko sunan mutumin babu wanda ya riƙe.

Wani malami a unguwarmu ya ce mana matacce ba ya dawowa, aljanu ne ke zama a kufai su ari siffar abin da suka gani. Ya ce alkawarin da aka yi cikin tilas ba ya ɗaure mutum, Baba ya yi kaffara ya hau jirginsa. Baba ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya yi godiya. Da muka fito ya ce mini ko aljani ne ko mutum, shi dai ya ga mai jin ƙishirwa, kuma ya ambaci sunan Allah a gabansa.

Yammacin Larabar ya ɗauki tankar ruwa guda ya tafi. Direban tankar ya sauke tiyo ya koma nesa ya jira, bisa umarnin Baba. Aka shanye. Alhamis ya kai biyu. Aka shanye. Kullum in ya dawo sai in tare shi a ƙofa, shi kuma ya girgiza kai ya ce saura kaɗan, na baya ne ba su samu ba.

Asabar ta zo ta wuce. Inna Mariamou ta zauna a kan akwatunanta tun safe da mayafinta a ka, har jirgin ya tashi. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce mata mako ɗaya. Daga baya ya ce bayan azumi. Muhandis ya soke bizar fitar, ya mayar da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, hannunsa, ya sa shi mai gadin gidan, ya sa tanka tana zuwa kowace la'asar. Masu zuwa kallo da safe suna son tsohon, yana nuna musu yadda ake buga tubali, yara suna sa ƙafa cikin sawun shanu ana ɗaukarsu hoto. Ƙarfe huɗu yake sallamar kowa ya rufe ƙofa. Bayan shekara guda Inna ta tafi ita kaɗai, don babbar 'yarsu ba lafiya. Ni na kai ta filin jirgi, kuma har muka isa ba ta tambaye ni komai ba.

Ban sake taka gidan nan bayan la'asar ba. Amma wata rana da hantsi na je na same shi a inuwar soro, na durƙusa na gaya masa gaskiya, cewa injin bai lalace ba, ƙwallo nake sauri. Ya ce ya sani tun ranar. Na tambaye shi abin da ke hana ni barci: da na kawo shidan, kwamin ya cika baki a karon farko, da sun ƙoshi? Ya daɗe yana kallon rijiyar. Ya ce shi bai sani ba, ni ma ba zan taɓa sani ba, in tashi in daina ɓata gwiwar wandona. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekara uku da wata biyu ya yi yana wannan aikin. Ya rame, ƙirjinsa ya kama, aka kwantar da shi a asibiti cikin bazarar 1998. Na je duba shi ranar Juma'a da la'asar. Hoton ɗaki biyu da rumfa yana kan 'yar durowar gefen gado, gefunansa sun lanƙwashe. Ya riƙe hannuna, tafinsa duk kanta, ya ce yanzu saura shanu bakwai ne ba su samu ba, ya ƙirga da kansa. Ya ce direban tanka ba ya shiga, sai an samu mai buɗe ƙofa ya amsa sallama.

"Ghazali, mutumin nan bai sha ba har yanzu."

Ya zuba mini ido. Na san abin da yake jira. Ina da mata a Funtuwa da 'ya'ya uku, kuma na ji harsunan nan a jikina. Na sunkuyar da kai ina kallon tayil ɗin asibiti, ina jin yatsunsa suna jira a cikin nawa. Ya jira, ya jira. Sannan ya saki hannuna a hankali ya juya fuskarsa bango.

Da asuba ya cika. A Riyad muka binne shi.